Dan Allah cima da zaman waje ɗaya suna iya jawo wa ɗalibi ƙunci da saurin fushi?

Yar_Aji_Biyu

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Dan Allah shawara nake nema, musamman wajen waɗanda suka yi zaman hostel ko ma'aikatan lafiya in akwai su a nan.

Ni ɗaliba ce a jami'a, aji biyu, kuma tunda aka shiga samistan nan na rasa gane kaina. Abu kaɗan sai raina ya ɓaci, 'yan ɗakinmu har sun fara cewa na canza, ɗaya ma daga gaisuwa bata ƙara ce min komai. In na zauna karatu sai in yi ta maimaita shafi ɗaya baya shiga, ga kasala, ga ciwon kai da yamma, wani lokacin haka kawai sai in ji hawaye na son zubo min kuma wlh ba wanda ya min komai.

Bana karyawa saboda lakcar ƙarfe 8, in an samu tazara tsakanin lakca da lakca sai in sayi lemon roba da biskit ko fanke, shikenan sai dare in dafa indomi ko taliya da mai da yaji, in kuma zan yi karatun dare sai in ƙara ɗora wata wajen ƙarfe 1 in haɗa shayi mai kauri dan kar bacci ya ɗauke ni. A gida ni ke shara da wanke-wanke da raka ƙannena Islamiyya a ƙafa, a nan kuwa daga gado sai aji daga aji sai gado da waya a hannu, ko fakalti ma yanzu adaidaita nake hawa saboda rana.

Wai cimar nan da rashin motsi zasu iya taɓa wa mutum zuciya haka, ko dai fargabar jarabawa ce kawai zata wuce? Kuma dan Allah a bani shawarar da ta dace da aljihun ɗalibi, abin da ake turo min daga gida da ƙyar yake kai ƙarshen wata.

Tsohon_Dalibi

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yaye miki. Eh suna taɓawa, kuma sosai. Wannan tsarin naki shi ɗalibai ke cewa 0-0-1, ba safe ba rana sai dare, kuma yawancin wanda ya yi hostel ya ɗanɗana shi.

Ni abin da na lura da shi lokacin da muke makaranta, da zarar an kafe jadawalin jarabawa sai filin ƙwallo ya koma wayam, kowa ya ce bashi da lokaci, kuma a daidai wannan lokacin ne faɗa ke yawa a ɗakuna, kan bokiti, kan soket ɗin caji, kan wa ya taɓa min silifas. Mu 'yan kaɗan da muka ci gaba da fita bayan la'asar muna ɗan taɓa ƙwallo mu muke dawowa mu yi wanka mu zauna karatu ya shiga, bacci ma in mun kwanta ba juye-juye.

Ba sai kin je jim ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idar da ta fitar a 2020 cewa ta yi babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, kinga in kika raba ƙaramin adadin minti 30 ne sau biyar a sati, kuma tafiya da sauri tana ciki. Ba tafiyar rangwaɗa ana hira ana danna waya ba, irin wadda numfashinki zai ɗan ƙaru ki ji jikinki ya yi ɗumi amma kina iya magana. Toh ki fara da zuwa lakcar safe a ƙafa tunda rana bata yi ba a lokacin, ki bar adaidaita sai dawowar azahar. Kuɗin da kika rage ki tsaya wajen mai ƙosai da koko. Abu biyu kenan kika gyara da tafiya ɗaya.

Anti_Nas

Ƙanwata sannu. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma abin da kika lissafa ina ganin irinsa wajen 'yan mata 'yan makaranta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Bari in ɗan tsawaita dan abin yana da sarƙaƙiya.

Ki fara duba lemon nan da biskit a kan cikin da bai ga komai ba tun jiya da dare. Sukari ne da fulawa zalla, suna shiga jini da sauri ki ji kin ɗan farfaɗo, bayan awa ɗaya ko biyu ƙarfin ya zube yunwa ta dawo fiye da da, a nan ne ciwon kai da jin haushin kowa ke zuwa. Robar lemo ɗaya ta 50cl tana iya ɗaukar sukarin da ya kai cokalin shayi 10 ko fiye, alhali iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba a yini gaba ɗaya kusan giram 50 ne, wajen cokali 12, har da wanda kike zubawa a shayi. Indomi ba guba bace, matsalar ita ce ita kaɗai ce, ba wake ba ganye ba ƙwai, ga gishiri mai yawa a ledar kayan ɗanɗanon. In zaki dafa ki sa rabin ledar, ki yanka albasa da ɗan alayyahu ko kabeji, in da hali ki fasa ƙwai, in babu ki daka ƙuli ki barbaɗa.

Sai bacci, wanda a ganina shi ne ma ya fi cutar dake. Shayi da kofi suna da kafeyin, sinadarin da ke hana bacci, kuma jiki na ɗaukar wajen awa 5 kafin ya rage rabinsa, kenan shayin ƙarfe 1 na dare yana nan a jikinki har asuba, ko kin kwanta baccin ba mai nauyi bane. Mutum in bacci ya gaza masa, sinadarin da ke tada yunwa wato girelin yana ƙaruwa, wanda ke sanar da ƙoshi wato leptin yana raguwa, shi yasa washegari ba abin da ranki ke so sai zaƙi da soye-soye. Ga fargabar jarabawa da ke ɗaga kotisol, sinadarin da jiki ke saki in hankali ya tashi, shi ma yana tura mutum wajen kwaɗayin zaƙi. Kinga yadda suke kama hannun juna, baki yi bacci ba, kin tashi a makare baki karya ba, kin sha zaƙi, kin ji kasala kin hau adaidaita, jiki bai gaji ba dare ya yi bacci ya ƙi zuwa. Motsa jiki yana katse wannan zagayen ta wajen bacci, yana kuma sauke tashin hankali. Babba na buƙatar aƙalla awa 7, kuma abin da kika karanta a cikin bacci ƙwaƙwalwa ke adana shi, dan haka TDB ɗin da ɗalibai ke tinƙaho da shi, wato kwana karatu har gari ya waye, yawanci asara ce.

Na ƙarshe kuma dan Allah kar ki tsallake shi, ki je kilinik ɗin makaranta ki ce a duba miki jini, PCV, wato awon da ke nuna ko jininki ya yi ƙasa. Mace mai al'ada duk wata kuma bata cin wake, ganye, nama ko hanta, ƙarancin jini yana saurin kama ta, kuma alamunsa su ne kasala, ciwon kai, jiri, bugun zuciya in an hau bene, rashin natsuwa a karatu. Shayi a kan abinci yana hana jiki zuƙar sinadarin ayan ɗin da ke gina jini, lemon zaƙi ko na tsami ko goba kuma suna taimaka masa. Ki ba shayi tazarar awa ɗaya bayan cin abinci.

Dan_Talaka01

Ni fa ina da ja a maganar nan. Ba wai Anti ta faɗi ƙarya ba, amma ana magana kamar ɗalibi ne ya zaɓi ya zauna da yunwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin mota, gas, ƙwai, wake, kuɗin makaranta ma jami'o'i da yawa sun ƙara. Wanda ya samu bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, dubu 20 ake bashi a wata, ku raba ta kwana 30 ku gani, a ciki zai ci abinci, ya yi fotokwafin handawut, ya sa data, ya sayi sabulu.

Mu maza da muke zaune a wajen makaranta kullum a ƙafa muke zuwa mu koma ba dan motsa jiki ba sai dan babu na mota, kuma da yawanmu ƙuncin bai tafi ba, saboda wanda ya jiƙa garin kwaki da safe ya taka doguwar tafiya a rana ya zauna lakca a aji cike maƙil ba fanka, wannan ba motsa jiki ya rasa ba. Ƙuncinsa daga tunanin rajista ne da tunanin babansa da ya ci bashi. Ina jin zafi in naga ana mayar da talauci kamar matsalar rashin wayewa ce.

Tsohon_Dalibi

@Dan_Talaka01 gaskiya ka faɗa ɗan uwa, kuma wanda ke taka wannan tafiyar da garin kwaki ba wanda zai ce masa ya ƙara da gudu, shi abinci yake buƙata. Allah ya kawo sauƙi. Amma dubi abin da yarinyar nan ta rubuta, tana sayen lemo da biskit, tana hawa adaidaita, tana dafa indomi wani lokacin sau biyu. Kuɗin suna fita, ba inda ya dace suke zuwa bane kawai. Kuɗin lemo da biskit zai sai mata awara ko ƙosai ko ɗan wake ko kwaɗon zogale da ƙuli, kuma duk waɗannan sun fi riƙe ciki nesa ba kusa ba.

Abin da ya rufa mana asiri mu a lokacinmu karo-karo ne. Mu huɗu muka haɗa tukunya ɗaya, wannan ya zo da wake daga gida, wancan shinkafa, wani manja da yaji da daddawa, ana yin garau-garau ko dafa-duka kowa ya ci da rana. Gas ɗaya ake ƙonawa maimakon huɗu. Kuma zaman cin tare ɗin kansa yana rage wa mutum kaɗaici, wanda ke ta tunanin rajista in ya faɗa a kan tire sai ka ga wani ya san hanyar da za a bi.

Yar_Aji_Biyu

Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti, Allah ya saka da alheri. @Dan_Talaka01 wlh na fahimce ka, akwai 'yar ajinmu da sai mun lura muke gane bata ci komai ba tun safe, Allah ya buɗa mana baki ɗaya.

Anti maganar jiri da bugun zuciya in na hau bene kamar kin gan ni, ina yi. Amma maganar motsa jiki, ku maza kuna da filin ƙwallo, mu fa? Ni da hijabi nake fita, in na ce zan zagaya fili ina sauri ido zai yi min yawa, ga samari a zazzaune a bakin hanya, kuma in labari ya je gida cewa ana ganina ina guje-guje a makaranta ba zai yi daɗi ba.

Malama_PHE

'Yata wannan damuwar ba ke kaɗai bace, ina koyar da darasin motsa jiki a sakandaren 'yan mata kuma kullum da ita nake fama. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 a kan 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin 100 basa motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi yawa, kashi 85, maza 78. Mu a nan kuma da yarinya ta fara girma sai a ce ta natsu ta daina tsalle-tsalle, gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya duk a bar wa ƙanana, daga nan jiki ya mutu tun kafin a kai ashirin. Wannan abu yana damuna matuƙa.

Addini bai hana ki ba. Ya tabbata a hadisin Abu Dawud cewa Annabi (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA) har ta wuce shi, daga baya suka sake ya wuce ta. Abin nema shine sutura da wajen da ya dace, kuma hostel ɗin mata ai wajenku ne ku kaɗai. Ki sayi igiya ko ki yanki ta shanya, bayan sallar asuba ki yi tsalle a tsakar hostel, ki fara da kaɗan ki huta ki sake, kar ki ce rana ɗaya zaki rama na wata uku dan washegari ƙafa zata hana ki sauka daga gado ki tsani abin. Benen hostel ma kayan aiki ne, hawa da sauka. Ɗebo ruwa a bokiti kar ki ba wa wata, shi da tsugunna-tashi suna cikin aikin ƙarfafa tsoka da ake so a yi sau biyu a sati. In kina karatu duk bayan kamar minti 40 ki miƙe ki zaga baranda, ko ki riƙe handawut ɗin kina tafiya kina bita da baki yadda muke hadda a Islamiyya.

Tafiya zuwa lakca kuwa ba wanda zai kalle ki, ɗalibar da ke sauri da safe kowa ya san aji za ta. Ki samu takalmi mara tsini kawai. Kuma ki ja 'yar ɗakin nan taku da kuka yi tsami ki ce ta raka ki, mutum biyu sun fi ɗorewa, wataƙila ma a hanya ku shirya.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Arewa ba na wasa bane, a guji tsakar rana, a riƙe gorar ruwa. Mai sikila ko asma ko ciwon zuciya ta fara jin ta bakin likita. Ke ma tunda kin ce kina jiri, tsallen igiyar ki jinkirta shi sai an duba jinin, tafiya dai ki fara.

Likita_Gobe

Ni ɗalibin likitanci ne, abu biyu zan ƙara. Yaya da su Anti sun gama magana a kan cima da motsi, kuma gaskiya ne motsa jiki yana rage damuwa mara tsanani har likitoci na sa shi cikin magani. Amma maganar hawaye haka kawai ta tsaya min a rai. 'Yar uwa ki lura da kanki, in ƙuncin nan ya kai sati biyu kusan kullum, abubuwan da kike jin daɗinsu da sun fita ranki, kina ganin kanki ba ki da amfani, toh wannan yana iya zama ciwon damuwa, kuma shi ciwo ne kamar hawan jini, ba raunin imani bane ba kuma shagwaɓa ba. Tafiya da ƙosai kaɗai ba lallai su isa ba. Ki faɗa wa likitan kilinik ɗin duka abin da kika rubuta a nan ba ciwon kai kawai ba, akwai kuma sashen ba da shawara a yawancin jami'o'i. In abin ya fi ƙarfinsu suna turawa gaba, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, da sashen masu tabin hankali da damuwa a asibitocin koyarwa, kuma zuwa can ba yana nufin hauka ba. In kuwa tunanin cutar da kai ya taɓa zuwa, ranar za a faɗa wa wani babba a je asibiti, ba a jira. Addu'a da azkar a riƙe su, a haɗa da asibitin.

Na biyu, lokacin jarabawa ne ake miƙa wa mutane ƙwaya a ce tana hana bacci ko tana sa walwala, ko a ce kurɓi wannan. Da yawan waɗanda tiramadol da kodin suka kama a makaranta ta haka suka fara, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya yi ɓarna a tsakanin matasa, mata ma ba a bar su a baya ba. Ko maganin ciwon kai ma ki kula, shan ibuprofen ko diclofenac kullum a cikin da ba komai yana iya jawo gyambon ciki. Mutane na cewa yunwa ke kawo olsa, amma manyan dalilanta ƙwayar cutar H. pylori ce da irin waɗannan magungunan, yunwa dai tana tada zafin ne.

Yar_Aji_Biyu

Na gode Malama, na gode ɗan uwa. Tunanin cutar da kaina Alhamdulillah bai taɓa zuwa min ba, amma zan faɗa wa likitan komai in sha Allah. Anti tambaya ɗaya, kilinik ɗin akwai layi sosai ga tes muna da shi satin nan, in fara sayen maganin ƙarin jini a kemis kafin in samu zuwa?

Anti_Nas

A'a ƙanwata, a auna tukunna. Ki je da sassafe ranar da baki da lakcar farko, awon baya ɗaukar lokaci, ki ce su haɗa da na maleriya dan ita ma tana cin jini tana kawo irin wannan kasalar. In al'adarki tana zuwa da yawa ko tana daɗewa ki faɗa musu, kar ki ji kunya, in kin fi sakewa da mace ki nemi nas mace. In sun ga jinin ya yi ƙasa suka baki ƙwayar ayan, ba a daina ta dan an ji sauƙi a sati ɗaya, watanni ake sha yadda suka rubuta, bayan gida zai iya yin baƙi wannan ba komai bane, kuma kar ki haɗiye ta da shayi ko madara, da ruwa ko bayan kin sha lemon zaƙi. Ki dawo ki faɗa mana nawa PCV ɗin ya nuna.